Tabaraun Injiniya

Talata

Maigida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ƙarfin jiki, ya gwiwar? Ina fata kana shan maganin nan na bayan cin abinci, ba tura shi kake yi ƙarƙashin matashi kamar yadda ka saba ba. Mun iso lafiya shekaranjiya, ni da ɗanka Injiniya da matarsa da 'yarsu takwarata. Na rubuto ne saboda waya ba ta kamawa a nan sai mutum ya hau wani tudu, in ma ta kama, kai da kunnen nan naka sai na yi ta ihu duk masaukin ya ji sirrinmu. Direban da ke kawo wa masaukin kayan abinci daga gari shi zai miƙo maka wannan.

Wurin dai daga nesa ba laifi. Ƙananan ɗakuna ne na katako a jere suna kallon tafki. An ba mu wata takarda mai hotuna, an jera abin da baƙo zai yi: yawo a kwalekwale, hawan doki, kamun kifi, da zuwa kallon ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Injiniya ya ce sai mun yi su duka, tunda hutu ya kawo ni. Ban san hutu da wahala haka ba.

Jiya muka je wajen ruwan, tafiyar kusan awa guda a ƙasa, da tsufana. Ruwan kam ikon Allah ne, fari fat, sanyinsa na dukan fuska tun daga nesa. Amma Maigida, ƙasan wurin! Robobin ruwa, ledoji, ɓawon ayaba, har da ƙunzugun jarirai da kashinsu an jefar tsakanin duwatsu. Bayan wani dutse zarnin fitsari ya hana ni buɗe baki. Mutane kuwa sai su ɗaga waya sama yadda ƙazantar ba za ta fito ba, su yi murmushi, su ƙara jefar da wata robar su wuce. Surukarka ma hoto ta yi ta ɗauka, ƙafarta a kan ledar wani.

Yau da safe aka kai takwarata hawan doki. Tun kafin in ga komai hancina ya gaya mini. Shekara talatin ina wanke gyambo a asibiti, ba zan manta warinsa ba. Na sa aka ɗaga sirdin, sai ga ciwo a bayan dokin kamar tafin hannuna, ƙudaje sun yi baƙi a kai. Na ce kada a ɗora yarinyar. Injiniya ya yi dariya ya ce, “Mama, hutu kika zo ko zagayen marasa lafiya?” Aka mayar da sirdin a kan ciwon, ta yi zagaye uku tana ta murna. Ban iya karyawa ba.

Mutum ɗaya ne ya burge ni, wani dattijo mai tuƙa kwalekwale, zai yi sa'anka. Ya gan ni zaune a bakin ruwa, ya kawo mini kujera ba tare da na tambaya ba. Gobe shi zai zagaya da mu.

Ka gaishe da maƙwabta. Kada ka ce za ka hau matakala kai kaɗai.

Taka,
Sista

Alhamis

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina fata ka tashi lafiya, gwiwa kuma da sauƙi. Direba ya ce ya same ka a ƙofar gida kana shan iska, har ka tambaye shi ko ina cin abinci. Ina ci, amma ba ya wucewa da daɗi. Ka zauna sosai kafin ka karanta wannan.

Jiya da hantsi muka shiga kwalekwalen. Dattijon ya roƙe mu kowa ya zauna, kada a miƙe. Ya nuna wa takwarata tsuntsayen da ke kama kifi, ya gaya mata sunan kowanne, yarinya har da tafi. Mun kusa dawowa gaɓa sai ɗanka ya miƙe tsaye wai zai ɗauki hoton kansa. Dattijon ya sake roƙonsa, bai ko dube shi ba. Kwalekwale ya yi tangaɗi, baƙin tabaraun nan nasa da yake ji da shi ya faɗa ruwa.

Wurin ba zurfi, iya cinya ne, amma nan ne baƙi ke zama suna shaye-shayensu suna wurga kwalabe. Ruwan kore ne, da kumfa a sama, ga wari. Injiniya ya kaɗa wa mutumin nan yatsa, ƙas, ƙas, kamar mai kiran kare, ya nuna masa ruwan. Ko “Baba” bai ce masa ba. Na ce a bar tabarau mana, ya ce ban san darajarsa ba ne. Dattijon ya naɗe wandonsa ya shiga, yana lalube da hannu a cikin laka. Ya samo shi. Da ya ɗago na ga fuskarsa ta canja, ruwan da ke kewaye da ƙafarsa kuma ya yi ja. Fasasshiyar kwalba ya taka.

Ka san abin da ɗanka ya yi? Ya karɓi tabarau ya goge da gefen rigarsa, ya ɗaga shi sama yana duba ko ya karce. Mutum na tsaye a gabansa jini na zuba.

Ni na riƙo dattijon muka fita. Na sa aka kawo akwatin magani na masaukin, da na buɗe sai da na kau da kai. Auduga ta yi baƙi, kashin kyankyaso ko'ina, maganin wanke ciwo ya bushe a kwalba. Na sa aka dafa ruwa da gishiri na wanke, na yaga sabon mayafina na ɗaure. Yankan ya shiga sosai, sai an ɗinke, a kuma yi masa allura. Na ce Injiniya ya kawo mota a kai shi asibiti. Ya ce jini zai ɓata masa kujera, ai masaukin na da tasu motar. Awa biyu muka jira direban kayan abinci, dattijon na zaune a ƙasa yana ba ni haƙuri wai ya ɓata mana yawo.

Da yamma kuma na ji abin da ya ƙarasa ni. Ashe ɗanka ya je wurin manajan masaukin ya ce sakacin matuƙi ne ya sa kwalekwale ya kusa kifewa da iyalinsa. Manaja ya ce dattijon ya zauna a gida, ba a bukatarsa.

Ban yi masa magana ba tukuna. Ka san ni, in na buɗe baki da zafi ba na sanin inda zan tsaya. Ka sa mu a addu'a.

Taka,
Sista

Asabar

Maigida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka ya jiki. Na ga 'yar takardarka, na gode. Ka ce in bi Injiniya a hankali, yaro ne. Mutum mai shekara arba'in da furfura a gemu, a wurinka kaɗai yake yaro.

Na kira shi ɗakina ranar Alhamis bayan na aiko maka da wasiƙa. Na rufe ƙofa don kada matarsa ta ji. Na ce masa ƙarya ya yi wa bawan Allah, ni shaida ce, a cikin kwalekwalen nake. Ya ce, “Mama, irin mutanen nan aikinsu ke nan, in ba a taka su ba sai su raina mutum.” Na tambaye shi su wane ne irin mutanen nan. Na tuna masa shekara ashirin da bakwai ubansa na tuƙa motar ofis, yana buɗe wa sa'annin 'ya'yansa ƙofa, ana kaɗa masa yatsa kamar yadda ya yi wa dattijon nan, da wannan aka kai shi makarantar da yake taƙama da ita. Ka yafe mini, na san ba ka son a tayar da zancen. Ya sunkuyar da kai, ya ce zai gyara. Wallahi na ji sanyi, na ɗauka maganar ta shige shi.

Ga gyaran da ya yi. Jiya da safe ya sa manaja ya aika a kira dattijon. Mutumin da aka yi wa ɗinki shida a tafin ƙafa ya tako daga ƙauyensu yana dogara sanda. Aka tsayar da shi a gaban tafki inda haske ya fi kyau. Injiniya ya sa tabaraun nan, ya kama hannunsa, ya sanar da cewa ya yafe masa, ya kuma roƙi manaja a mayar da shi bakin aiki. Matarsa na ɗaukar hoto. Na farko bai yi kyau ba, aka sake. Dattijon ya durƙusa a kan ƙafar mai ciwo yana godiya. Daga nan ɗanka ya hau tudun nan ya aika wa abokansa hoton, wai taimakon na ƙasa da kai ibada ne. Na shige banɗaki na daɗe.

A wurin cin abincin rana kuma takwarata, 'yar shekara bakwai, ta kaɗa wa matar da ke kawo faranti yatsa, ƙas, ƙas, ba ta ko ɗago kai ba. Matar ta girmi uwarta. Na kama hannun yarinyar na kai ta har kicin, na sa ta gaishe ta ta ba ta haƙuri, ta ɗauko farantinta da kanta. Ta yi kuka, uwarta ta ɗaure fuska, uban ya ce ina takura wa yarinya. Yau sun tafi kamun kifi, na ce kaina na ciwo.

Da suka tafi na roƙi direba ya kai ni gidan dattijon. Ɗinkin ya ɗan buɗe saboda tafiyar jiya. Na wanke na sake ɗaurewa, na nuna wa matarsa yadda za ta riƙa yi. Na gaya masa gaskiya, cewa ba shi ya kamata a yafe wa ba, na ba shi haƙuri a madadinka da ni. Ya ce in daina, ai baƙi sun yi masa abin da ya fi wannan ba wanda ya waiwayo. Da zan tafi ya ɗaga hannu ya ce Allah ya yi wa ɗana albarka, ya ba shi masu yi masa kamar yadda yake yi wa mutane. Da zuciya ɗaya ya faɗa, Maigida, ba da wata manufa ba. Matarsa ta ce amin, direba ya ce amin. Suka juyo suna jirana. Ni da na haife shi, bakina ya ƙi buɗewa.

Su sai Talata za su taso. Ni gobe zan biyo direba zuwa tasha in hau motar haya, ba zan zauna a kan kujerar nan tasa mai tsabta ba. Kada ka kira shi, kada ka ce komai sai na zo mun zauna ni da kai. Ka sa a ɗora mini ruwan wanka mai yawa.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sada mu da alheri.

Matarka,
Sista