Sandar Sitiyarin Motar Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida da yara baki ɗaya. Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raba ki da ciwon bayan nan da kika ce yana damunki in kin daɗe a tsaye wurin aiki. Mu ma nan lafiya, alhamdu lillahi. Uwargida ta warware daga zazzaɓin, 'yar autarmu ta fara tafiya, ba abin da ta bari a kan tebur. Kawu ya daina fita gona, sai dai ya zauna a ƙofar gida yana gyara wa masu wucewa tafiyarsu.

Yaya, na zaɓi in rubuto ne domin duk lokacin da kika kira, Inna tana gefena tana harara ta. Abin da aka gaya miki, wai taya ce ta fashe, ba haka ba ne. Ki zauna kafin ki ci gaba da karantawa, amma ki fara sanin cewa kowa yana raye.

Kin san tun rasuwar Baba, ƙanenmu Auta ne ke jan motarsa, yana hawa dutse zuwa gona inda Inna ta ƙi barin ɗakinta. Ruwan bana ya cinye hanyar, ƙasan motar yana ta gogar duwatsu. Sai Auta ya kai ta wurin wani mai walda, abokinsa, suka ɗaga ta sama da kusan taƙi guda, suka sa mata manyan tayoyi. Bai gaya mini ba, ni da na shekara ashirin a ƙarƙashin motocin mutane. Ranar da ya shigo da ita gareji yana murmushi, na shiga ƙasa na duba. Akwai sandar ƙarfe da ke ɗaukar juyin sitiyari ta kai wa tayoyin gaba. A da tana kwance ne kusan miƙe. Da aka ɗaga motar sai ta karkace, kuma ta gaza tsawo, shi ne mai waldan ya yanka ta biyu, ya ƙara guntun bututu a tsakiya ya liƙe. Ran mutane ke nan a kan ɗinkin walda.

Na fito na gaya masa motar nan ba za ta bar garejin ba. Na ce in an ɗaga mota dole a sake hannun da ke fitowa daga akwatin sitiyari, a sa mai saukowa ƙasa, a kawo sanda mai kauri wadda aka ƙera da tsawonta, sannan a daidaita tayoyi. Abokansa biyu suna tsaye. Ya ce har yanzu kallon yaro nake masa, wai don ba ni na yi aikin ba shi ya sa nake kushewa. Na ce masa wata magana da bai kamata ba, ya shiga mota ya tafi. Da yamma Inna ta kira ni ta ce na kunyata shi a gaban mutane, in bar shi ya huce tukuna. Na bar shi, Yaya. Makullin yana kan bencina minti goma cur a ranar, da na sa shi aljihu da magana ta ƙare. Wannan laifina ne, ba na raba shi da kowa.

Mako uku muna gaisuwa a tsaitsaye. Ran da za a kai Inna asibiti duba ƙafarta, na kwana a gona saboda injin ban ruwa da ya lalace, don haka da safe muka sauko tare. Inna a gaba, ni a baya. Auta ne ke tuƙi. Tun daga ƙofar gona nake kallon hannun Auta: duk ramin da muka faɗa, sitiyarin sai ya fizge shi, shi kuma ya maido da shi da ƙarfi yana yi kamar ba komai.

Kin tuna gangaren nan mai tsawo, inda dutse ke hagu, kwari ke dama? A tsakiyarsa tayar gaba ta daki wani dutse. Nan take gaban motar ya kama rawa, irin rawar da ke sa haƙora su haɗu, madubi yana karkarwa, ledar magungunan Inna ta zube. Sai na ji ƙas, ƙara ɗaya ƙarama daga ƙasa. Rawar ta tsaya. Na ga Auta ya juya sitiyari hagu, ya sake juyawa, yana yawo a hannunsa kamar faranti, motar kuwa ta ci gaba da nufar bakin kwarin. Ya juyo ya kalle ni. Rabon da in ga wannan kallo a fuskarsa tun yana ɗan shekara biyar.

Na ce masa kada ya danne birki gaba ɗaya, domin a kan tsakuwa za ta zame ne kawai. Na ce ya taka a hankali, ya sauko da giya. Ya yi, injin ya yi kuka. Na miƙa hannu tsakanin kujeru na kama birkin hannu ina ja kaɗan-kaɗan, ɗayan hannun na riƙe kafaɗar Inna. Ita salati kawai take yi, murya ƙasa-ƙasa. Ina ganin ciyawar bakin hanya tana shigewa ƙarƙashin tayar dama, bayanta babu komai sai sarari. Abin da ya cece mu, bayan ikon Allah, wata kwata ce da ruwan sama ya haƙa a gicciye. Tayar hagu ta faɗa ciki, kwatar ta ja motar zuwa jikin dutse, muka daki bangon ƙasa muka tsaya. Inna ta buga goshi, an yi mata ɗinki uku. Da na sauka na auna, tsakanin sawun tayar dama da bakin kwarin bai kai tsawon takalmina ba. Sandar ta karye daidai kan waldar.

Wallahi, ko kallon banza ban yi wa Auta ba. Ya ɗauki Inna a hannu ya zaunar da ita a inuwa, ya cire rigarsa ya danne mata goshi har wata motar itace ta zo ta kwashe mu.

An jawo motar gareji, na ajiye duk aikin da ke gabana na kwana tara a kanta. Na sa sabon hannu da sanda mai kauri mai zare a baki biyu, yadda za a ƙara ko a rage tsawonta ba tare da wuta ta taɓa ta ba. Na sake duk gaɓoɓin da suka yi sako-sako, na gyara ƙarfen da ke riƙe gindin tayoyin don ya kwanta layi ɗaya da sandar. Na hau dutsen da ita ni kaɗai sau huɗu, da kaya da babu kaya. Yanzu da yatsa biyu za ki riƙe ta a kan wannan gangaren.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Motar ta warke, Auta ne bai warke ba. Matarsa ta zo ta gaya mini ba ya cin abincin kirki, ba ya zuwa majalisarsu. Na aika masa makulli, ya maido. Na kai masa da kaina, ya ce in nemi wani direba, shi ya kusa kashe uwarsa. Na gaya masa cewa da a ce hannunsa ya yi gardama a ranar, da yanzu ana karɓar gaisuwarmu mu uku, kuma ni da na gani na ƙyale na fi shi laifi. Shekaranjiya na lallaɓa shi ya shiga, na zauna a gefensa. Ya fi minti biyar makulli na hannunsa kafin ya tayar. Ya ja ta daga ƙofar gareji zuwa ƙarshen layi, a giya ta ɗaya, sannan ya fita ya zauna a bakin kwalbati, gumi ya jiƙa shi sharkaf.

Inna tana gidana tun ranar. Jibi take son komawa gona, ta ce kajinta da tumakinta ba su san asibiti ba. Na ce ni zan kai ta. Ta ce a'a. Ta ce wanda ya sauko da ita shi zai mayar da ita, in kuwa bai zo ba za ta ɗauki sandarta ta hau da ƙafa, kuma kin san ta. Na yi na yi, ta ce in ina so in zauna a baya, amma in yi shiru.

Takardar nan ba za ta iso gare ki kafin jibi ba, na sani. Ko ya hau ko bai hau ba, ina roƙonki ki kira shi idan kin karanta. Kada ki yi masa faɗa, ya yi wa kansa wanda ya isa. Ke kika goye shi, maganarki tana shiga inda tawa ba ta kaiwa. Kuma kada ki nuna wa Inna kin sani, in ba so kike ta kore ni daga gidana ba.

Ki gaishe mini da maigida, da Babban Yaya in kun haɗu, da 'yan biyu, da takwarar Inna. Uwargida da Kawu da Gwaggo suna gaishe ki. Na cika tanki, na sake bin kowane noti da hannuna, na rataye makullin a ƙusar ƙofar gareji inda zai gan shi. Ki sa mu a addu'a.

Ƙanenki,
Bakanike