Gugan Baba Tunau

Samaru, Zariya
9 ga Maris, 2004

Daga Farfesa Alhaji Dakta, Babban Mai Duba Rijiyoyin Arewa, zuwa ga Madam Rhoda, mai gidan haya a Muciya. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Bayan haka:

Labari ya iso ofishina cewa kin hana ɗan hayarki Tunau, tsohon nan Bamaguje, zura guga a rijiyar gidanki, wai matan unguwa, na masallaci da na coci, sun ce hannun mai tsafi yana ɓata ruwa. Madalla! Rabon da in ji Musulmi da Kirista sun haɗa baki haka har na manta.

Sai dai na sa injina na auna. Bincike ya nuna Tunau ne ya haƙa rijiyar, kuma shi ke shiga yasarta duk rani. Ba hannu kaɗai ba, har ƙafa da gumi da gemu duk sun shiga. Haka ta ƙofar gidan Malam Hashimu liman, haka ta bayan coci. Saboda haka duk alwalar da aka yi a Muciya shekara ashirin sai an sake ta, duk wanda aka yi wa baftisma kuma a dawo da shi. Ko a rufe rijiyoyin kaf, ko a mayar wa tsoho gugansa. Kwana bakwai na ba ku.

A kai amsa teburin mai shayi na bakin kasuwar Samaru, nan sakatarena yake karɓar wasiƙu. Wassalam.

Muciya, Sabon Gari
11 ga Maris, 2004

Ranka ya daɗe Farfesa,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Yaya aiki, yaya injin?

Wasiƙarka ta zo da ajami, da tawada irin ta allo. Ban san jami'a ta koma haka ba. Ni boko na yi, don haka na kai wa Malam Hashimu, wanda shi ne ya fara ce mini in raba wa Tunau guga. Na same shi a bakin rijiyarsa, mata cike. Da ya ji daga Farfesa ce, ya gyara rawani, ya ɗaga murya don kowa ya ji. Sai da ya kai kan gumi da gemu ya so tsayawa. Bisi mai ƙosai ta ce, "A'a Malam, ƙarasa mana, ajami ne ba mu iya ba, Hausa muna ji." Ya ƙarasa. Aka yi dariya.

Ya daɗe yana duban takardar. Ya ce, "Gaskiya ce, ko daga bakin wa ta fito. Ruwa na Allah ne." Ya kuma ce yana so ya gaisa da kai ido da ido, don hannun nan ya san wanda ya koya masa riƙe alƙalami.

Ni dai ban yi dariya ba. Kakana Bamaguje ne, a ƙoƙonsa na sha fura har na girma. Tsoron bakin mata ya sa na yi abin da na yi. Bara da aka kori 'yan daudun bakin tasha ma, duk mun ci tuwonsu, duk muka yi shiru.

Na kai wa Tunau gugansa da hannuna. Bai karɓa ba. Ya ɗaure kayansa, ya ce Asabar zai koma ƙauye, ba zai zauna inda ake zubar da ruwan da ya ja ba. Sai fa in wani ya sha a gabansa, a gaban mutane. Ni na ce zan sha, ya ce tawa kunya ce. Ranka ya daɗe, ko za ka zo da kanka?

Ka huta lafiya.
Rhoda

Samaru
12 ga Maris

Mama,

Ina kwana, ina gajiya. Ni ajami kaɗai na iya, Felix mai faci ne ya karanta mini wasiƙarki, sau biyu, yana ta kirana Farfesa har kwastomomi suna juyowa.

Injin dai babu. Babur ɗin acaɓa gare ni, shi ma birkinsa sai addu'a. Ina ɗan shekara tara ni ke riƙe wa Baba Tunau igiya idan ya shiga yasa, shi ya sa na san har gemu.

Gobe Asabar da hantsi ina tafe. Ki ce wa Baba ya kwance kayansa. Gugan farko da ya ja ni zan sha, a tsaye, a tsakiyar layi. Na biyu, idan Malam ya yarda, a butarsa za a zuba. Don Allah ki tsaya tsakanina da shi, har yanzu bulalar nan da ya koya mana allo da ita tana bayan ƙofa.

Ɗanki da ya taɓa sa miki kwaɗo a randa,
Sabitu, ɗan Hajara mai kitso