Zauren da Ba a Sa wa Gam Ba

Unguwar Kasuwa, Gwaram,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yayana Munzali, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da Basma da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka a kan hanyoyin nan da kake bi da babbar mota. Mu nan alhamdu lillahi, an shigo da gero, dawa ce dai ruwa ya yanke mata da wuri. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana iya zuwa bakin ƙofa ba sanda.

Yaya, saƙon da ka ba Sabo direba ya iso, kuma bai yi mini daɗi ba. Ka ce a gaya wa ƙaninmu Nu'uman wai shi ne ya sayar da zauren Baba don neman suna a wurin manya. A gaban Inna Sabo ya faɗa, ko sassautawa bai yi ba. Kana can ka ji rabin magana ka yanke hukunci, to bari ni da nake wurin in ba ka sauran.

Tun da aka ba mu jiha kowa ya zama mai tsara gari. Aka kafa wani kwamiti wai za a gyara titin kasuwarmu, a sa kwalta da kwata da dakalin masu tafiya a ƙasa. Suka ce suna son samfurin titin a kan falanki, a nuna wa baƙi. Da yake Nu'uman ke koyar da sana'ar hannu a Birnin Kudu, shi aka ɗora wa. Ka san shi da naci. Duk Juma'a sai ya hau babur ya zo yana auna titi da igiya, mutane na yi masa dariya. Ya tankaɗe yashi da rariyata, ya kwaɓa da gam ya yi ƙasa. Dakalin kuwa kwali ya yanka, ya shafe shi da ruwan siminti, ya bi shi da reza yana tsaga layi-layi kamar an jera bulo. Fitilun titi tsinken ashana ne, itatuwa soson wanka da ya tsoma a koren fenti. Har awakin Maikano mahauci ya yi da auduga. Ni da nake tsokanarsa cewa ya girma yana wasan yara, wallahi da na gani sai da na daina tsokanar.

Ga inda abin ya lalace. Yadda yake aikinsa, dakali yake fara shimfiɗawa daga wannan kai zuwa wancan, miƙe sambal, sa'annan ya ɗora gidaje a kai ya manne su. Ka san zauren Baba ya ɗan shigo titi, to a kan dakalin ya zauna. Samfurin zauren nan ya ɓata masa lokaci fiye da kowane gini: ƙofar nan mai tsaga, da dakalin da Baba ke zama, har keken ɗinkinsa ya lanƙwasa da waya ya sa a ciki. Da Inna ta gani ta daɗe tana kallo, ta ce in an gama nunin a kawo mata shi. Shi ya sa duk gidajen ya sa musu gam, ban da wannan ɗaya, don ya ɗauke mata ba tare da ya yage ba. Laifinsa ke nan, Yaya, ba wani.

Ranar nunin ina can bayan rumfa tare da mata. Wani babba daga cikin baƙin yana zagaya falankin yana taɓa gidaje da yatsa, kamar mai zaɓen tumatir. Ya taɓa namu, sai ya motsa. Ya ɗaga shi sama, sai ga dakali a ƙarƙashi, miƙe ba ko karkata. Ya juya ga mutanensa ya ce, "Kun gani? Mai aikin ma ya san wannan ba wurinsa ba ne." Aka yi ta tafi, har da waɗanda Baba ya yi wa ɗinkin Salla shekara da shekaru. Nu'uman ya matso zai yi bayani, aka kama hannunsa ana girgizawa ana yi masa barka, mai hoto na ɗauka. Mutumin ya ajiye zauren a gefen tebur kusa da kwalaben lemo ya wuce.

Ba a daɗe ba aka zo aka shafa wa bangonmu jan fenti, alamar rusau. Nu'uman ya yi ta sintiri tsakanin nan da Birnin Kudu, yau a ce shugaban kwamiti ya yi tafiya, gobe a ce magana ta wuce hannunsu. Bappa Iliyasu ya je da kansa da furfurarsa, aka bar shi a kan benci har la'asar. Kai da muka aika maka ka zo, ka ce kaya sun riƙe ka. Ban ce ka yi ƙarya ba, amma na ji zafi, kuma har yanzu ina ji.

An rushe zauren bayan Sallar layya. Ɗakin Inna yanzu titi yake kallo, mun kare shi da zana. Kwaltar kuwa ba mu gan ta ba, dakalin ma babu, an ce sai kasafi mai zuwa. Tarin ƙasa ne kawai a wurin, awakin Maikano na hawa. Titin mai kyau yana can kan falanki a wani ofis, an ce an lulluɓe shi da leda.

Nu'uman ya rame, ya daina taɓa kwali, ko gidan nan sai ya daidaici ba kowa a waje yake shigowa. Ranar da ya kawo wa Inna ɗan zauren, ya durƙusa ya miƙa mata. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko murfin tsohon akwatin Baba ta ajiye a gabansa, ta ɗora zauren a kai ta ce, "Nu'uman, wannan karon ka sa masa gam." Ya sa. Yana nan a gefen gadonta, kullum sai ta goge shi da bakin zaninta.

Don haka in za ka sake aiko da saƙo, ka aiko wa ƙaninka da abin da zai iya haɗiyewa. In kuma ka tashi zuwa, ka ce wa mai mota ya sauke ka a wurin zana, don ba za ka gane gidan ba.

Inna tana gaishe ka, haka Bappa Iliyasu da Jummai da Hawwa. Ka gaishe mini da Basma, ka shafa mini kan Nasiha da Zulkifli. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Kaltume.