Sunan Wa Zai Hau Jirgi?

Anti Azumi,

Don Allah ki taimake ni, murna na neman haukata ni, ga kuma rigima ta kunno kai a gidanmu. Gwamnati ta zaɓe ni in je Bulgeriya karatun haɗa magunguna. Ni, 'yar manomin doya daga Paiko! Tun da labarin ya zo ban ƙara dafa tuwon da ya ciwu ba. Ranar Lahadi ana tsakiyar waƙa a coci dariya ta kufce mini, sai da aka fitar da ni waje.

Saurayina Irimiya, ma'aikacin reluwe ne nan Minna, ya fi ni zumuɗi. Ya sayo mini wani jibgegen kwat a gwanjo, na saka shi da tsakar rana cikin zafin Afrilu na zaga Tudun Fulani, gumi har ƙafa, yara na bi na. Mai hoton fasfo ma ya gaji da ni, don ya ce in rufe baki, bakin ya ƙi rufuwa.

To ga matsalar. An sa bikinmu Disamba bayan girbi, makaranta kuwa Satumba za a buɗe. Mahaifiyar Irimiya, Mama Kyauta, ta ce a jawo bikin kusa, a ɗaura aure tukuna, sannan a yi fasfo da sunan ɗanta, don Turawa su san ina da mai ni. Babana, Shekwolo, ya ce sam, sunansa ne a kan duk takardun makarantata, kuma sunansa ne zai hau jirgi. Yanzu ko gaisawa ba sa yi da kyau. Irimiya cewa yake duk wanda na zaɓa daidai ne, amma ina ganin fuskarsa tana canzawa. Wani mutum a bakin ofishin fasfo kuma ya ce in kawo takarduna zai haɗa mini sunayen biyu, har biza zai samo ba sai na je ofishin jakadanci a Legas ba. Anti, ina son karatun, ina son Irimiya, ina son babana. Yaya zan yi?

Mai Rawar Kai, Tudun Fulani, Minna

Ɗiyata Mai Rawar Kai,

Barka da arziki. Na yi dariya har abokan aikina suka leƙo, amma zauna mu yi magana.

Ki yi fasfo yanzu, da sunan da ke kan takardun jarrabawarki da takardar da makarantar ta aiko. Ofishin jakadanci zai jera su ne ya gwada, suna ɗaya ya saɓa sai a ce ki koma ki kawo hujja, kina kai da kawowa Satumba ta wuce ki. Mutumin bakin ofis kuwa, ko kwafi kada ki ba shi. Ki shiga ciki da ƙafarki, Legas ma ki je da kanki, da ainihin takardunki da katin allurar rigakafi.

Babanki ya yi daidai, amma kada ya ɗauka ya ci gasa. Mama Kyauta ma ba rigima take nema ba, tsoro take ji kada ɗanta ya yi shekaru yana jira a banza, kuma tsoronta ba shirme ba ne. Ki ɗauki wata dattijuwa da Mama Kyauta take jin maganarta, ku je ki durƙusa ki yi mata bayani. In gidajen biyu sun yarda, a ɗaura auren bayan biza ta fito, kafin ki tashi. Fasfo ba ya hana aure.

Wanda na fi ji shi ne Irimiya. Kowa ya faɗi abin da yake so, ban da shi. Ki same shi ku kaɗai, ki ajiye dariyar, ki tambaye shi yadda yake ji da shekarun da za ki yi nesa, sannan ki yi shiru har ya gama. In kuka fahimci juna ku biyu, iyayen za su biyo baya.

Allah ya kai ki lafiya, ya dawo mana da ke da ilimin da Paiko za ta amfana da shi.

Anti Azumi