Taɓarya Uku, Sanda Uku

Zuwa ga Malama Adawiyya, mai horar da 'yan matan hoki (wasan ƙwallon sanda) na jiha.

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya tare da iyali. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, idan na tsaya gabanki bakina ba ya buɗuwa. Ni ce Nafisa Mode ta Ƙofar Taramniya, wadda kika ɗauko ta buga tsakiya a gaba saboda ƙwallo tara da na ci a gasar makarantu. Mako biyu ke nan muna atisaye ban ci ko ɗaya ba, kuma na ji ranar Asabar za ki rage mutane.

Malama, ba ni kaɗai na ci taran nan ba. Tani ce a damana, Lailatu a haguna. Gida ɗaya muka tashi, turmi ɗaya muke daka. Mai lugude ba ta kallon taɓaryar 'yar'uwarta, kunne ke gaya mata lokacin saukewa. Haka muke a fili. Tani kan buga sanda a ƙasa sau biyu, sai in ruga gaban raga ban waiwaya ba, in tarar da ƙwallo tana jirana. 'Yan gefen da kika ba ni sun fi su gudu, amma kullum ko in riga ƙwallo isa ko ta riga ni. Don Allah ki gwada su.

Ɗalibarki mai biyayya,
Nafisa

*

Nafisa, wa'alaikumus salam.

Ashe kina da baki! Shekara goma sha biyu ina aikin ga, ba a taɓa kawo mani turmi cikin zancen hoki ba. Ki taho da su Alhamis. Amma gurbi ɗaya ya rage a gaba, kuma shi kike nema. In su ke aikin, ɗayarsu za ta karɓe shi. Kin yarda?

Adawiyya

*

Malama, barka da aiki.

Na yarda. Tani har ta wanke takalminta. Lailatu tana tambaya ko kina da faɗa, na ce kaɗan.

Nafisa

*

Ɗiyata Nafisa, gaisuwa mai yawa.

Ƙwallo huɗu kika ci cikin minti ashirin! Mai tsaron raga har yanzu ba ta bar mita ba. Kin ga na raba ku a zagaye na biyu, da gangan na yi. Tani ta yi ta bugun ƙasa ba wadda ta gane, ke kuma kika koma yadda na san ki. Don haka na mai da wata 'yar gefe baya, na ɗauke ku ke da Tani. Lailatu kam babu wuri bana. Ke za ki faɗa mata.

Adawiyya

*

Malama, Allah ya saka miki da alheri.

Tani ta yi tsalle har ta kifar da tulu! Na faɗa wa Lailatu. Ta yi dariya ta ce mu je, za ta ga wadda za ta miƙo mani ƙwallo ta hagu, sannan ta shige ɗaki ta daɗe.

Biyu daga cikin huɗun nan daga sandarta suka fito, Malama. Ko kin ba ni izini in sake rubuto miki a kanta?

Ɗalibarki,
Nafisa