Batirin Magrieta

Henties Bay, bakin teku

Zuwa ga 'yata Lizelle,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mijinki Petrus da jikata Annelie. Tarin nan ya sake ta kuwa? Ni lafiya lau nake, sai gwiwa, ita kuma kin san halinta da sanyin teku.

Na san Dawie, maƙwabcina a sansanin masu kamun kifi, ya riga ya kai miki tsegumi a waya, to bari ki ji daga bakina. Gaskiya ne firjin motata Kunkuru ya mutu, allurar ciwon sugana ta ɗumama har na zubar da ita. Na samo wata a asibiti. Firjin ba shi da laifi. Baturan ɗaki ne, biyun nan da ke ƙarƙashin gado, masu ba fitila da famfo da firji wuta idan an kashe inji. Tsufa ne ya kama su.

Ban manta sharaɗinki ba, cewa in allura ta sake lalacewa in sayar da motar in koma ɗakin baƙinku a Windhoek. Ba na so, Lizelle. Motar nan ita ce gidanmu na ƙarshe ni da uwarki Magrieta. Ita ta raɗa mata Kunkuru, ita ta ja kowace waya da ke ciki, ni nawa riƙe tocila ne da shan faɗa.

Na sayo sabon batir ɗaya a Swakopmund. Na fara kwance baƙar waya kamar yadda ta koya mini, na wanke farin dattin da ya taru a kawunan da ruwan zafi, na goge, na shafa basilin. Ɗayan tsohon kuwa na bar shi a wurinsa na haɗa su. A jikinsa ta rubuta da jan farce: "Ja zuwa ja, Gerson, ba wuya." Na ɗora hannu zan ciro shi, na kasa.

Ki gaida kowa. Mahaifinki,
Gerson Diergaardt

Walvis Bay

'Yata Lizelle,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku duka, ina fatan aiki bai yi miki yawa ba.

Kada ranki ya tashi. Wannan karon allurar ba ta lalace ba, saboda haka sharaɗi bai hau kaina ba. Amma firjin ya sake yin shiru. Na farka da safe ban ji gurnaninsa ba, sai ƙarar teku. Dawie ya riga ya koma Gobabis, sansanin ya watse, ba wanda zan roƙa ƙanƙara. Na naɗe kwalbar a jiƙaƙƙiyar safa na rataye a taga don iska ta buge ta, na kama hanya.

A nan na sami wata mai gyaran wayarin mota, Ndapewa, sa'arki ce. Ta ɗaga katifa, ta ɗora mita, ta dube ni.

"Baba, wa ya yi wannan aika-aikar?"

"Wani tsoho ne mara kai," na ce.

"To in kun haɗu ka gaya masa ba a haɗa tsohon batir da sabo. Tsohon zai yi ta tsotsar sabon don ya kamo shi, kuma ba zai kamo ba. Ƙarshe su kwanta tare. Da ka ƙara kwana kaɗan, da wannan ma ya tafi."

Na yi dariya don kada ta ga fuskata. Amma da na fita shan shayi sai maganar ta zauna mini. Na tuna zamana a gidanku bayan jana'izar uwarki. Petrus yana rage ƙarar talabijin in na shigo, Annelie tana tafiya a kan yatsu, ke kina tashi kafin lokacinki don ki auna mini suga, kina tafiya ofis idonki ja. Ba wanda ya ce komai, amma ni na ga yadda gidan ke dushewa. Ba zan zo in tsotse ku ba, ko da allura goma za su lalace. Kaɗaicin nan yana da ciwo, ba zan ɓoye miki ba. Wani lokaci sai in dafa shayi kofi biyu kafin in tuna. Amma ni kaɗai yake ci.

Naki,
Baba

Walvis Bay

'Yata abin ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina gaida Petrus. Na gode da zanen da Annelie ta aiko, sai dai ki gaya mata Kunkuru ba shi da bututun hayaƙi. Wasiƙarki kuma na karanta ta, faɗan ma irin na uwarki ne.

Na sayo wa sabon batirin ɗan'uwansa, iri ɗaya, sa'a ɗaya. Ndapewa ta canza wayoyin da suka ci tsatsa, ta sa fis sabo, firji ya dawo da gurnaninsa. Da ta gama sai ta ɗauki tsohon za ta jefa cikin tarin na gwangwan. Na riƙe ɗaya hannun batirin.

"Baba, nauyi ne kawai."

"Karanta abin da ke jikinsa."

Ta karanta, ta sake ɗora mita.

"Bai mutu ba," ta ce. "Firji ya fi ƙarfinsa, shi ke nan. A ajiye shi kusa da su, amma kowa da wayarsa. Me kake da shi mara cin wuta?"

Akwai ƙaramar fitilar karatun uwarki, wadda ke gefenta na gado. Yanzu ita kaɗai ce aikinsa. Yana da ɗan farantin solarsa a rufi, ba ya karɓar komai daga kowa, kuma wallahi haskenta bai rage ba. Na zauna ina kunnawa ina kashewa kamar wanda bai taɓa ganin lantarki ba, har Ndapewa ta ce in biya ta in tafi.

To ga roƙona. Ɗakin baƙin nan ki bar wa baƙi. Petrus ya auna mini ƙofar baya ta gidanku, ya ga ko Kunkuru zai shige har gindin lemon tsami. Kada ya ja mini waya daga gida, da wutata zan zo, da tukunyata. Sugana ni zan riƙa aunawa. Annelie ce kawai ke da izinin ƙwanƙwasa ƙofa ba sanarwa.

In aka juya motar daidai, tagar gadon za ta kalli tagar kicin ɗinki. Duk yammar da kika ga fitilar uwarki a kunne, ki san lafiya nake, ki ci gaba da aikinki. Ranar da ba ki gan ta ba, sai ki taka ki zo.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Mahaifinki,
Gerson