Ta'aziyyar Malam Wakili, Mai Shagon da Ba a Sayar da Gishiri

Cikin alhini da mutuwar jiki, tare da miƙa al'amari ga Ubangijin da ya ba mu aron bawansa kuma ya karɓi abinsa, Ƙungiyar Masu Ƙananan Shaguna ta Layin Mangwaro, Akurba, a garin Lafiya, ƙarƙashin jagorancin shugabanta, mai girma Oga Terungwa Mai Gyaran Rediyo, ta samu labarin rasuwar Uban Ƙungiya, Shugaban Dattawan Layi, kuma mutumin da ya fara kafa rumfa a wannan wuri tun ana ce masa bayan gari, wato Malam Wakili Mai Shago, wanda Allah ya yi wa rasuwa ranar Talatar makon jiya a gidansa bayan gajeriyar jinya, aka kuma yi jana'izarsa a ranar kamar yadda addinin Musulunci ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin shugaba, da dattawa, da iyayenmu mata masu tebura, da reshen matasa, ƙungiya tana miƙa ta'aziyyarta ga mai ɗakin marigayi, uwarmu Mama Hussaina. Da babban ɗansa, yayanmu Malam Safiyullahi, wanda ya baro aikinsa a Abuja ya zo ya zauna karɓar gaisuwa. Da sauran 'ya'ya da jikoki da dangi na nan Lafiya da na Keana. Da kuma duk wanda ya taɓa zama a kan bencin ƙofar shagon nan, ko ya saya ko bai saya ba. Ƙungiya tana neman afuwa da wannan saƙo ya makara har aka yi sadakar bakwai. Gaskiyar magana, an zauna a rubuta shi tun da wuri, amma duk zaman da aka yi sai a tashi ba a gama ba.

Tun kafin a ƙirƙiro Jihar Nasarawa, tun Lafiya ba ta san cunkoson motocin gwamnati ba, marigayi yake zaune a shagon da ke jikin katangar gidansa, yana sayar da sukari da ganyen shayi da madarar gwangwani da sabulu da ashana da kyandir da batir da alawa. Amma ba don abin da yake sayarwa jama'a suka san shi ba, sai don abin da ya ƙi sayarwa. A duk tsawon rayuwarsa ta kasuwanci, Malam Wakili bai taɓa ajiye kayan da maƙwabcinsa na layi yake ci da su ba. Bai sayar da gishiri ba, saboda Mama Sewuese ta tebur na gaba ce take kawo shi daga Keana. Bai sayar da kananzir ba, saboda sana'ar Malam Bahauddeen ce. Bai ajiye zare da allura ko littattafan haya ba, saboda wannan ɓangaren Anti Doris ne. Ko man shanu bai taɓa sarowa ba, don kada matan Fulanin da suke sauke ƙwaryarsu a gindin mangwaron ƙofarsa su koma ruga da kayansu. Idan ka tambaye shi abin da ba nasa ba, sai ya leƙo da kai, ya nuna maka ƙofa da bakin carbinsa, ya ce, "Taka kaɗan, ga mai shi can, kuma ka gaishe ta kafin ka yi ciniki." Daga wannan ɗabi'a tasa ce aka samu dokar farko ta ƙungiyarmu, wato kada kowa ya sayar da kayan maƙwabcinsa, wadda har yau ba a rubuta ta a ko'ina ba, kuma ba wanda ya taɓa karya ta.

Haka nan marigayi bai yarda da gaggawa ba. Ba ya miƙa kaya sai an gama gaisuwa, gaisuwarsa kuwa tana zagaya gida kaf: mahaifi, mahaifiya, mai ciwon ƙafa, jaririn da aka raɗa wa suna, har akuyar da ta ɓata watan jiya. Mu da muka tashi ana aiken mu wurinsa mun sha faɗa a gida saboda daɗewa, domin aiken sukari kaɗai yana iya kai yarinya shago huɗu, ta dawo da gaisuwar mutum goma. Da yawa daga baƙin da suka shigo gari bayan an mai da shi babban birni sun yi masa fushi a kan haka. Ƙungiya ba za ta manta da wani ɗalibi ba, Norbert, da ya sauka daga acaɓa yana sauri zai koma makaranta a Shabu, maɓallin rigarsa ya cire, ya nemi allura, Malam ya tura shi wurin Anti Doris. Ya tafi yana ƙunƙuni cewa wannan wane irin shago ne. Washegari sai ga shi ya dawo neman zare. A rana ta uku ya sake dawowa neman wani zaren, wai launin bai dace ba. Bai daina dawowa ba har aka ɗaura musu aure a coci, Malam Wakili yana zaune a sahun iyaye da babbar rigarsa, yana gaya wa kowa cewa, "Ni fa allura na tura shi ya saya, ban ce ya ɗauke mana mai shagon ba." Wasunmu da suke karanta littattafan soyayya suna cewa ba su taɓa cin karo da labarin da ya kai wannan daɗi ba, kuma suna da gaskiya.

Kullum bayan sallar azahar, marigayi yakan saki asabarin ƙofar shago ya shiga gida cin abinci da Mama Hussaina, ko da kuwa mutane sun yi layi. Wai wani ya taɓa ce masa ciniki yana wuce shi, ya amsa da cewa ciniki zai dawo da la'asar, amma tuwo idan ya huce ya huce. Mu dai mun san ba tuwon ba ne. Duk sabon kwalin alawar madara da ya buɗe, ta farko ba ta sayarwa ba ce. Yakan sa ta a aljihun gaba, a gefen hagu, ya shiga da ita ciki, alhali su biyun furfura ta gama rufe musu kai. Dattawa sun ce irin wannan ba ya shiga saƙon ta'aziyya, amma iyayenmu mata suka ce a bar shi, ai shi ma hidima ce.

Babbar hidimarsa kuwa, wadda ƙungiya take so a sani ko bayan ranmu, ita ce wadda ya yi a shekarar da hankali ya tashi a wannan yanki, lokacin da 'yan'uwanmu da yawa suka kwashe yara suka tsallaka Binuwai. Mama Sewuese tana cikin waɗanda suka tafi, ta bar teburinta ba ta ko rufe shi da buhu ba. Watanni suka wuce, layi ba gishiri, mutane suka yi ta roƙon Malam ya saro ko buhu ɗaya ne ya ajiye a shagonsa, tunda mai shi ba ta nan kuma ba wanda ya san ko za ta dawo. Ya ƙi. Abin da ya yi shi ne, ya aika Keana aka kawo gishirin, ya jera shi a kan teburinta, ba a nasa shagon ba. Kullum da safe shi yake share mata wuri, idan mai saye ya zo ya taso da tsufansa ya tsallaka ya auna masa a can, ya ce, "Na Sewuese ne, ni ɗan tsaro ne kawai." Ranar da ta dawo, ta sauka daga mota tana zaton za ta tarar an mai da wurin nata wajen ajiye babura, sai ta ga gishiri a jere kamar jiya ta tafi. Da ta zo gaisuwa makon jiya, ta durƙusa a gaban Mama Hussaina a tsakar gida ta ce da Hausarta da muka saba da ita, "Mama, ni ba ya da baba a Lafiya, wannan mutum shi ne babana. Yanzu wane ne zai ce a taka kaɗan a zo wurina?"

Ƙungiya ba ta so ta haɗa ta'aziyya da wata magana, amma abin da ya riga ya zagaya layi ɓoye shi ba zai yi amfani ba. Jama'a sun ji cewa wani ɗan kasuwa daga wajen gari ya nemi a ba shi hayar shagon marigayi da zauren da ke gefensa, ya fasa bango ya haɗe su, ya buɗe babban kanti irin na zamani wanda mutum zai shiga ya ɗebi komai a wuri ɗaya, daga gishiri har allura, ya fita bai ce wa kowa sannu ba. Ƙungiya ba ta zargin wannan bawan Allah, neman halalinsa yake yi. Ba ta kuma zargin yayanmu Malam Safiyullahi da ya saurare shi, domin nauyin gida yanzu a wuyansa yake, aikinsa yana nesa, mahaifiyarsa ta shiga takaba, ƙannensa suna makaranta, kuma shagon da aka rufe ba ya ciyar da kowa. Sai dai kowa a layin nan ya san cewa shagon Malam shi ne a tsakiya, daga ƙofarsa ake rarraba masu saye zuwa sauran ƙofofi. Ranar da wannan ƙofa ta koma mai sayar da komai, teburin Mama Sewuese da jarkokin Malam Bahauddeen da ɗan shagon Anti Doris ba za su ga damina biyu ba, matan ruga kuma sai su nemi wata inuwar.

Saboda haka, jiya bayan an shafa addu'ar bakwai, shugaba da dattawan ƙungiya suka nemi ganawa da iyalan marigayi, suka gabatar da roƙo guda ɗaya: a ba ƙungiya amanar shagon har Mama Hussaina ta fita takaba. 'Yan ƙungiya za su riƙa buɗe shi bi da bi, kowa da ranarsa, ba tare da an biya kowa ladan tsaro ba. Abin da aka samu na gidan marigayi ne. Kuma ba za a ƙara ko ƙwayar abu ɗaya a kan irin kayan da ya bari ba. Malam Safiyullahi ya ce shi bai ƙi ba, amma ba zai yaudari kowa ba: idan takaba ta ƙare shagon bai iya riƙe gidan ba, dole ya koma ga maganar hayar, kuma kada a ga laifinsa. Ƙungiya ta karɓi wannan sharaɗi, ta kuma gode masa da ya faɗi gaskiya a gaban kowa. Allah ya yi masa albarka, ya sa ya gaji mahaifinsa.

Don haka ƙungiya tana sanar da jama'ar Akurba da kewaye cewa za a ɗaga asabarin shagon Malam Wakili ranar Asabar mai zuwa da safe, kuma Mama Sewuese ce ta roƙi a ba ta ranar farko. Ba gudummawa muke nema ba, ba kuma za a zagaya da faranti ba. Abin da muke roƙo shi ne, sukarin da za ku saya a bakin babban titi don kuna sauri, ku daure ku tako ku saye shi a nan. Ku zo da lokacinku a hannu, domin za a gaishe ku, za a tambayi mutanen gida, kuma wataƙila a tura ku ƙofa ta gaba. Mun sani mu ba Malam ba ne. Wasunmu ba su iya doguwar gaisuwa ba, wasunmu kunya ma ba ta barin su ɗaga ido su dubi mai saye. A yi haƙuri da mu, za mu koya.

Muna roƙon Allah Maɗaukakin Sarki, Mai rahama Mai jinƙai, ya gafarta wa Malam Wakili kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya yalwata masa makwanci kamar yadda ya yalwata wa maƙwabtansa wurin neman abinci, ya sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Allah ya ba Mama Hussaina haƙuri da juriyar wannan babban rashi, ya sanyaya mata zuciya a lokutan da gida zai yi mata faɗi, musamman bayan azahar. Allah ya raya abin da ya bari, ya haɗa kan 'ya'yansa, ya ba mu ikon riƙe amanar da muka roƙa da bakinmu. 'Yan'uwanmu Kirista na ƙungiya su ma sun sanar cewa za su sa iyalin cikin addu'a ranar Lahadi.

A ƙarshe, ƙungiya tana isar da saƙon Mama Hussaina kamar yadda ta aiko shi tare da makullin shagon. Ta ce ba ta da sharaɗi sai ɗaya: a bar ƙaramar ƙofar da ke tsakanin shago da tsakar gida a buɗe, domin tunda aka kawo ta gidan nan amarya ba ta taɓa wuni ba ta ji hayaniyar masu saye ta bango ba, kuma shirun kwanakin nan ya fi mata komai nauyi. Ita ba za ta fito ba, ba kuma za ku gan ta ba, amma tana zaune a bayan ƙofar. Saboda haka duk wanda ya zo ranar Asabar, don Allah, idan zai yi sallama ya ɗan ɗaga murya.

Sa hannu:

Juwairiya Bahauddeen,
Mataimakiyar Jami'in Hulɗa da Jama'a (Reshen Matasa),
a madadin Shugaba da ɗaukacin 'yan Ƙungiyar Masu Ƙananan Shaguna ta Layin Mangwaro,
Akurba, Lafiya, Jihar Nasarawa.
Laraba, 16 ga Maris, 2005.